Kukan Baƙuwa a Gandu

"Kada ka ce mini masoyiya. Tambayarka na yi, wannan abar taka ce ko ba taka ba ce?"

Auta ta dire wata 'yar sifika a kan teburin gyaran waya, har ƙananan kusoshi suka yi tsalle suka watse. Abar ba ta fi ƙwan kaza girma ba, ga laka a jikinta, ga ɗanyen ganye manne a gefe.

Injiniya ya kalli sifikar, ya kalli Auta, ya ɗaga kai ya kalli silin kamar a can aka rubuta masa amsa.

"Ai irinta da yawa a kasuwa..."

"Da takardar shagonka a gindinta?"

Ya juya ta. Ga ta nan kuwa, har da lambar wayarsa. Mutumin da ke liƙa takardar shagonsa a kan duk abin da hannunsa ya taɓa, har butar shayinsa, shi ne ya je aikin ɓoye da ita.

"Tawa ce," ya ce a hankali.

"A cikin duhuwar bakin tafki na tsamo ta. Dubi hannuna yadda ƙaya ta yi mini."

"Kawo in gani..."

"Kada ka taɓa ni."

To, bari a ɗan koma baya, kada wanda bai san gidan ba ya ɗauka faɗan banza ne.

Baban Auta tsohon malamin makaranta ne. Shekara talatin da wani abu yana koyar da 'ya'yan mutane, amma duk layin ba mai ce masa Malam sai tsiraru, Baban Tsuntsaye aka fi sani. Kowace Asabar, gari na wayewa, za ka same shi a ƙofar gandun dajin da ke ƙarshen layinsu, hula mai faɗin baki a ka, madubin hangen nesa rataye a wuya, ɗan littafi a aljihun gaba. Mutane su taru, wata rana takwas, wata rana goma sha biyu. Akwai Likita, wanda ya ajiye aiki ya rasa inda zai kai kansa. Akwai wata bazawara mai sayar da labule, wadda kowa ya san ba tsuntsu take zuwa kallo ba, don madubinta kullum wajen ƙeyar Likita yake karkata. Sauran kuma yau a gan su, gobe a neme su.

Baba ya shige gaba, su bi shi saɗaf-saɗaf, a zaga tafki, a ratsa kurmi, a ɓullo ta gadar katako. Ba a ɗaga murya, ba a nuna sheƙa da yatsa. Amma dokar da ta fi zama masa rai ita ce ta littafi: ba a rubuta tsuntsun da ba a tabbatar da shi ba.

"Littafin nan," in ji shi, "ko bayan raina wani zai buɗe ya yarda da abin da ya gani. Ƙarya ɗaya ta shiga, sai a kai shi shara."

Shi da Mama suka fara wannan yawo, tun Auta tana goye. Kuma Mama ce ta raɗa wa wata 'yar tsuntsuwa suna Baƙuwa. Ruwan ƙasa ce, ba kyan gani, in ka hange ta sai ka ce busasshen ganye ne. Amma in ta buɗe baki, mai tafiya sai ya tsaya. Sunanta na littafi dogo ne, harshe ba ya ɗauka. Sau ɗaya take zuwa a shekara, ta yi 'yan kwanaki a duhuwar bakin tafki ta wuce. Tun shekarar da Mama ta rasu, yau shekara shida, ba wanda ya ƙara jin ta.

Shekara biyu da suka wuce idon Baba ya fara dushewa. A asibiti aka ce ba ya dawowa, sai dai a rage masa gudu da maganin ɗigawa. Yanzu haske da inuwa kawai yake rarrabewa. A hanyarsu ta dawowa ya riƙe hannun Auta ya ce, "Kada kowa ya ji."

Yayyenta biyu sun yi aure sun yi nisa, nasu sai waya da "ya jikin Baba". Ita kaɗai ce a gidan. Sai ita da Baba suka ƙirƙiro dabararsu. Ta saƙala hannunta a gwiwar hannunsa kamar shagwaɓaɓɓiyar auta. Ta matsa sau ɗaya, hagu ke nan. Sau biyu, dama. Ta ɗan tura gwiwar, sama. Shi kuma ya ɗaga madubi ya juya inda ta nuna, kunnensa ya ƙarasa aikin.

"Makokofa, reshe na uku."

Jama'a su duba, ga makokofa. A yi ta jinjina kai, ana cewa idon tsohon nan sai shaho.

Injiniya kuwa, tsohuwar wayar Mama ce ta haɗa su. Auta ta kai masa ita ko za a ceto hotunan ciki. Ya ceto hotuna, shi kuma ya faɗa ciki har wuya. Asabar ta farko da ya biyo ta gandu, farar riga ya sa, da takalmi mai ƙara, ga turare kamar an fasa kwalba. Tsuntsayen rabin gandun suka tashi. Ya hango balbela ya ce, "Ga agwagwa can."

Baba ya tsaya cak. "Wannan wa ya kawo mana shi?"

Amma Injiniya ya jure. Shekara ɗaya da rabi bai fasa Asabar ba. Ya koyi sa riga mai duhu, ya koyi rufe baki, ya koyi ɗaukar jakar ruwa. Ya buɗe sabon shago a can ɗaya gefen gari, da ɗakuna biyu a sama, har ya sa labule, kun san a wajen wa ya saya. Sau uku yana yi wa Auta maganar aure, sau uku tana ba shi amsa ɗaya.

"Bari Baba ya ji Baƙuwa. Ya ce ranar da ya ƙara jin ta zai ajiye madubi ya huta. Ka ga a lokacin ba ya buƙatar hannuna."

Wannan maganar ce ta shige wa Injiniya kai ta ƙi fita.

Da safiyar ranar faɗan, suna isa bakin tafki, ana kallon wani zalɓe da ya tsaya da ƙafa ɗaya, sai ga kuka daga cikin duhuwa. Siriri, ya hau, ya sauka, ya murɗa kamar ana zuba ruwa a kwalba. Kowa ya sandare. Bazawara ta cafke hannun Likita, ita dai ta samu dalili. Idon Auta ya kawo ruwa, ta ji kamar ƙamshin mayafin Mama ya gifta ta gabanta.

Amma hannun Baba da take riƙe da shi ya yi tauri kamar itace.

Kukan ya ƙare, ya sake dawowa. Aka fara zaro biro.

"Kada kowa ya rubuta," in ji Baba.

"Haba Malam, ai ita ce," in ji Likita. "Da kunnenmu..."

"Na ce kada a rubuta."

Ya zare hannunsa daga na Auta, abin da bai taɓa yi ba cikin shekara biyu. Ya juya zai tafi, ya yi tuntuɓe da saiwa, ba don Likita ya tare shi ba da sai ƙasa. A nan ne idon Auta ya faɗa kan Injiniya, hannu a aljihu, gumi na bin wuyansa da sanyin safiyar nan. Ta kai Baba gida, ta koma bakin tafki ita kaɗai, ta kutsa cikin ƙaya.

Shi ne yanzu take tsaye a shagonsa, hannu duk karce.

"A ina ka samo kukan?"

Ya hau tattara kusoshin da suka watse.

"Ina jin ka."

"A wayar Mama... Lokacin da na kwashe hotunan, akwai wata ɗaukar murya da ta yi a gandu. Na yanke maganar mutane, kukan kawai na bari. Wallahi na yanke tas."

Ta zauna a kan bencin masu jira.

"Ka ɗauki abin uwata ka je ka ɗana wa ubana tarko da shi."

"Ba tarko ba ne, Auta. Na so ya ji ta ne, ya ji daɗi, ya huta. Ke ma ki huta."

"Kai dai ka huta."

"To, ni ma. Laifi ne? Na gaji, abar ƙaunata. Ba da ke na gaji ba, da jira. Shekara shida tsuntsuwar nan ba ta zo ba. In ta mutu fa? In ta canja hanya? Haka za mu tsufa, ke kina riƙe da gwiwar hannun Baba, ni ina riƙe da jakar ruwa?"

"Ba ka san komai ba. Akwai abin da nake rufa masa."

"Idonsa?"

Ta ɗago a razane.

Injiniya ya zagayo teburin ya tsuguna a gabanta, muryarsa ta yi ƙasa.

"Kowa ya sani, Auta. Tun bara. Kin tuna Asabar ɗin da aka yi yayyafi? Kin rufe masa madubin da murafensa don kada ya jiƙe, kika manta ba ki cire ba. Awa biyu Baba yana ɗaga madubi a rufe yana kiran tsuntsaye, ko ɗaya bai kuskure ba. Ke idonki na kan itatuwa, ba ki lura ba. Mu duk mun gani. Likita ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya ce duk wanda ya yi magana, shi da shi ne."

Auta ta rufe fuska da tafukanta. Shekara biyu tana ɗauke da asiri kamar tulu a ka, tana takawa a hankali kada ya zube, ashe tulun ba komai a ciki.

"Kuma ka bar ni ina ta wahala ba ka faɗa mini ba."

"Na ji tsoro..."

"Amma ba ka ji tsoron yi masa ƙarya a gaban jama'arsa ba." Ta miƙe, ta goge ido da bakin mayafi. "Kada ka ƙara zuwa gandu. Kada ka kira ni."

"Auta..."

Ta fita. Bai bi ta ba. Aka ce ranar wayoyi uku ya haɗa da murfin da ba nasu ba.

A gida Baba ya koma kujerarsa ta bakin taga, inda tsohon kwanon Mama yake, wanda ake zuba wa kurciyoyi ruwa. Lahadi ta wuce, Litinin ta wuce. Ya ci abinci kaɗan, ya yi magana kaɗan. Madubin yana rataye a ƙusa, bai ko shafa shi ba. Auta ta je kantin maganin da take aiki, ta dawo, ta dafa, ta share, ta kifa wayarta a kan firji don kada ta ga sunan da ke ta haskawa. Saƙo goma sha bakwai, ba ta buɗe ko ɗaya ba. Ta dai san yawansu, wanda ke nuna tana leƙawa.

Abin da ya fi ci mata rai, tana jin haushinsa, kuma tana kewarsa. Ta ga tsattsewa ta gifta ta saman kanti, sai ta tuna yadda yake kiran kowace ƙaramar tsuntsuwa "'yar mitsila", ta yi murmushi, sannan ta ji haushin murmushin.

Ran Laraba da yamma tana ɗiga wa Baba magani a ido, ya kwantar da kai baya, sai ya ce, "Mai gyaran wayar nan ne ko?"

Ɗigon ya kauce, ya sauka a kumatunsa.

"Baba, ka yi haƙuri. Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba. A bakin tafki hannunki ya yi rawa kamar na uwarki ranar da ta fara jin Baƙuwa. Mai ƙarya hannunsa ba ya rawa haka."

Ta goge masa kumatu. "Ya aka yi ka gane?"

"Tsuntsu ba ɗalibi ba ne, ba ya hadda. Kuka biyu, ba bambanci ko na numfashi? Wannan ɗaya." Ya juyo da fuska wajenta. "Sannan a murɗawa ta huɗu akwai wani ɗan ƙara, kilin. Ku ba ku ji ba. Awarwaron uwarki ne ya bugi madubi. Ina tsaye kusa da ita ranar."

Auta ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarsa. Ya dafa kanta, yana shafawa a hankali, kamar lokacin da take dawowa daga makaranta an ci zalinta.

"Na kore shi, Baba."

"Da izinin wa?"

Ta ɗago.

"Ni aka yi wa laifi, ni zan yi kora. Ki ce ya zo Asabar kafin fita. Ya zo da wayar, da maganganunmu da ya yanke."

Asabar tun gari bai gama haske ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Injiniya ne, ba turare, takalmi mai laushi, ido ya faɗa kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya gaida Baba har ƙasa. Ya saci kallon Auta, ta kau da kai tana gyara kofunan da ba su buƙatar gyara.

Baba yana zaune ya shirya tsaf, hula a ka, littafi a aljihu.

"Zauna. Kai ne Baƙuwa?"

"Baba, na tuba."

"Shekara ɗaya da rabi kana bina. Me na ce game da littafi?"

"Ba a rubuta abin da ba a tabbatar ba."

"Mutum tara suka zaro biro saboda kai. Ka kuma san in da tsuntsuwar gaske tana kusa, ta ji wata na kuka a wurinta, tashi za ta yi ta bar gandun?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Ban yi wannan tunanin ba."

"Ai ba da kai kake tunani ba kwanan nan. Kunna mini. Duka, kada ka rage komai."

Ya zaro wayar, ya ajiye a kan tebur.

Ƙarar ganye. Takun ƙafa. Sai kukan ya tashi, ya hau, ya sauka, ya murɗa. Kilin. Sai muryar namiji, cike da isa:

"Kanari ne."

Sai wata dariya ƙasa-ƙasa, wadda ɗakin nan ya yi shekara shida bai ji ba.

"Kanari a gidan wa? Malam, rufe baki ka buɗe kunne. Baƙuwata ce."

"Na ce miki..."

"Shhh."

Kukan ya ci gaba. Can sai muryar Baba kuma, "Ina Auta? Kira ta ta zo ta ji."

"Tana can bakin gada, ta ga wani abu. Bar ta, Malam. Ba dole sai abin da kake kallo za ta kalla ba."

Ƙit, ɗaukar ta ƙare.

Kurciya ta sauka a bakin kwanon taga, ta sha ruwa, ta ɗaga kai. Hawaye na bin fuskar Baba yana shiga gemu, amma kafaɗunsa rawa suke, dariya yake.

"Kanari," ya ce. "Shekara da shekaru ina gaya wa Likita ni na fara gane ta a wannan shekarar. Kai, in ka kuskura wannan ya fita..."

"Ba zai fita ba, Baba."

"Sake kunna mini wurin dariyar."

Aka sake. Aka kuma sakewa. Auta tana tsaye jikin bango, ta toshe baki da mayafi.

Baba ya share fuska da hannun riga, ya gyara zama.

"Auta, zo nan. Ranar yayyafin nan ta bara, da muka dawo gida na zo rataye madubi, sai na ji murafe a kai."

"Baba... ka sani?"

"Na zauna a kujerar nan na ce yau asirina ya tonu. Asabar ta zagayo, na je ina jiran a fara yi mini sannu, ana ja mini hannu kamar kayan fashewa. Ba wanda ya ce uffan. Sai na gane mutanen kirki nake tare da su." Ya laluba ya kamo hannunta. "Ya kamata tun ranar in ce miki ki huta. Ban faɗa ba. Na ji daɗin hannunki a nan wurin, inda uwarki take riƙewa. Na ce sai na ji Baƙuwa, don na san ba lallai ta zo ba. Son kai ne, Autata. Shi ya yi ƙaryarsa da sifika, ni na yi tawa da madubi. Tawa ta fi daɗewa."

"Kada ka ce haka, Baba. Ni ban gaji ba."

"Na sani. Shi ya sa nake tsoro."

Ya juya wajen da yake jin numfashin Injiniya.

"Kai kuma, ga hukuncinka. Kowace Asabar za ka zo, ko daga wane gefen gari kake, wayarka a kashe a cikin jakata. Sai ka kira mini tsuntsu ashirin da kunne, ido a rufe. Yau kuma da bakinka za ka gaya wa jama'a abin da ka yi."

"Na yarda, Baba."

"Amma ba sai ka kai ashirin za ka turo iyayenka ba, don in aka jira wannan sai yarinyar nan ta yi furfura. Mutumin da ke ce wa balbela agwagwa. Su zo cikin watan nan."

Injiniya ya ɗago kai. Ya kalli Auta. Wannan karon ba ta kau da kai ba, amma harara ce ta aika masa, irin wadda ke zuwa da ruwan ido.

"Ni ban ce na yafe ba," ta ce.

"Wannan tsakaninku ne," in ji Baba. "Ga ɗaki, ga shayi, ku yi ta yi."

Ya miƙe. Ya laluba bango har ya kai ga ƙusa, ya sauko da madubin, ya zo ya rataya shi a wuyan Auta. Sannan ya miƙa hannu bayan ƙofa ya jawo farar sandar da asibiti suka ba shi, wadda shekara biyu ba a amfani da ita sai wajen kakkaɓo yanar gizo-gizo.

Auta ta zabura. "Ina za ka?"

"Gandu. Ana jirana."

"Bari in ɗauko takalmina."

"Ba da ke ba."

"Baba, wa zai riƙe ka? Akwai kwalbati, akwai masu babur..."

"Daga ƙofar nan zuwa ƙofar gandu taku ɗari huɗu da ashirin ne. Kwalbati yana na ɗari da sittin. Kina tsammani me nake yi shekara biyu kina jana, barci? A ciki kuma Likita zai ba ni kafaɗa, in bazawarar nan ta bar masa ɗaya. Mun gama magana da shi tun jiya."

"To in bi ka a baya kawai, ba zan taɓa ka ba..."

"Ke, wai ba ki ji abin da uwarki ta ce ba?" Ya ɗaga murya, ya haɗe gira, irin haɗewar da 'yan aji ke tsoro a da, sai dai gemun nan rawa yake. "Ku same ni a gada bayan rabin awa, in kun gama faɗan. Wanda ya biyo ni kafin nan, na fasa ba da auren."

Ta yi taku ɗaya. Injiniya ya kama bakin mayafinta da yatsa biyu, a hankali, kamar mai tsoron a mare shi. Ta tsaya. Ba ta fizge ba.

Baba ya buɗe ƙofa, hasken safiya ya faɗo masa a fuska. Ya gyara hula, ya buga sandar a ƙasa sau biyu, ya sa ƙafa waje.

"Ɗaya," ya ce.

Ya jawo ƙofar garam, har kurciyar bakin taga ta tashi.